Neman shawara: 'yata ta fara tsoron bakan da na saya mata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

A Tumfure nake, nan Gombe. Ina da yarinya 'yar shekara 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Shekara biyu ke nan malaminsu na wasanni ya fara koya musu harbin kwari da baka bayan an tashi, irin bakan zamanin nan da ake gasa da shi. Da fari dariya muka riƙa yi mata, yayyenta har Sarkin Baka suke kiranta. Ashe yarinya da gaske take. Da bakan makaranta mai nauyin ja laba 20, daga mita 18, sai ka ga kibiyoyinta sun taru a rawayen tsakiyar allon harbi kamar an dasa su. Aka yi wata 'yar gasa, ta zo ta biyu.

Daɗi ya ɗebe ni. Na kwashi adashina na sa aka kawo mata nata bakan daga Legas, mai laba 34, don mai sayarwar ya ce shi ne na 'yan gasa. Malamin ma ban tuntuɓe shi ba, wai ni mai ba-zata.

Wata huɗu ke nan abu ya lalace. Kafin tsirkiya ta kai haɓarta ta saki kibiya. Wani lokaci kuma ta ja ta tsaya cak, hannu na rawa, ta kasa saki. Da dare in ga tana murza kafaɗarta ta dama da man zafi a ɓoye. Ranar Asabar a cikin Keke muna dawowa na ce, "Nawa kika ci yau?" Sai kawai ta juya fuska tana share hawaye da bakin hijabi. Ba zan ɓoye ba, littafi gare ni da nake rubuta makinta duk ranar atisaye.

Babanta ya ce a ajiye bakan nan, jarrabawa na tafe. Ni kuma kuɗina da ƙwazonta nake jin ciwo. In cire ta ne, ko in matsa mata har ta saba?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kafin a zo kan baka, ki ba almajiri littafin nan ya kunna wuta da shi. Yarinya ta fito fili da gajiya, abin da take son ji shi ne "sannu, me za ki ci?"

Kawu na Bolari: Gaskiyar maigidanki ne. Wa ya taɓa cin abinci da kibiya a garin nan in ba maharba ba? Ta riƙe karatu.

Mai Koyar da Harbi: Hajiya, ki yi haƙuri, laifin bakan ne ba na yarinyar ba. Laba 34 ya haura kilo 15. A gasa kibiya 72 ake harbawa a zagayen tantancewa, kin ga in kika tara abin da kafaɗarta ke ja ya kai buhun siminti 22, kuma da yatsu uku kacal. Daga 20 zuwa 34 tsalle ɗaya, ko babban namiji sai ya ji a jikinsa. Laba biyu zuwa huɗu ake ƙarawa, sai jiki ya zauna a ƙara wani.

Sakin da take yi da wuri da ƙamewar nan ciwo ɗaya ne, sananne ne a wurin 'yan harbi, har gwanaye yana kamawa. Ido na ganin rawaya sai yatsu su buɗe da kansu, ko jiki ya ƙi motsi. Faɗa ba ya maganinsa, ƙara shi yake yi. A cire takardar maki daga allon gaba ɗaya, ta tsaya mita biyar da baka mara nauyi, ta yi ta harbi ba lissafi na 'yan makonni, har hannunta ya tuno yadda ake ja a kai haɓa a natsu sannan a saki.

Kuɗinki kuma bai faɗi ba. In irin wanda ake kwancewa gida uku ne, mariƙin tsakiya yana nan, fikafikan sama da ƙasa kawai za ki canza ki sa na laba 22 ko 24. Na 34 ɗin ki adana. Amma ki sani kibiya ma da ƙarfin baka ake auna taurinta, wadda ta dace da 34 za ta riƙa kaucewa gefe a kan 22. Wannan karon ki tafi da malaminta. Kafaɗar kuma a kai ta asibiti a duba kafin ta sake jan komai.

Ɗan Maharba: Kakana bai taɓa miƙa wa yaro bakan babba ba. Na kara yake fara yi mana, mu yi ta harbin kututturen gwanda. Ina ƙara miki da wannan: in an gama a sauke tsirkiya, kada a bar shi cikin mota a zafin Maris ɗin Gombe, lanƙwashewa yake. Kuma ki hana yayyenta jan tsirkiya su saki ba kibiya, yana fasa baka.

Malama daga Jekadafari: Kawu, da girmanka, amma harbi ai abu ne da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar a koya. Kuma ba nesa ba, nan Chadi, Israel Madaye ya je gasar Olamfik ta Paris a 2024. Ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya tafi da zinare uku a shekarar, har wata kibiyarsa maki ɗaya tak ta ci a idon duniya, mutane suka yi ta yaba masa. Su a mita 70 suke harbi, da'irar maki goma faɗinta santimita 12.2, kamar bakin kofin shayi babba. Ita ko mita 60 na 'yan ƙasa da shekara 18 ba ta kai ba tukuna, saurin me ake? Shawarata, har a gama jarrabawa a mayar da atisayen Asabar kaɗai. Kin ga Baba ya samu nasa, ita ma ba a raba ta da abinta ba.

Kawu na Bolari: To Malama, in Asabar ce kaɗai ban ƙi ba.

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu dai ban ji wanda ya ce a tambayi mai bakan ba.

Admin, saƙo daga mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na zaunar da ita. Ta ce tun satin farko ta san ya fi ƙarfinta, ta yi shiru ne don ta ji ina gaya wa ƙanwata cewa adashina ne gaba ɗaya. Wallahi kasa haɗa ido na yi da ita. Ta ce tana son harbinta, amma don Allah in daina zama a bayanta, in koma gindin dalbejiya wurin sauran iyaye. Gobe Litinin za mu asibiti. Malam mai koyarwa, na duba, mai gida uku ne. Ta yaya zan gane fikafikan da za su shiga wannan mariƙin, ko duk bakinsu ɗaya ne?