Jan fayif ɗin iska a wurin wankin mota: PVC ko ƙarfe, kuma regileta nawa?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Ina haɗa wurin wankin mota mai rumfa uku. Kwamfaresata tana da tanki mai lita 270, tana tsayawa in ƙarfin iska ya kai bar 10. Daga ɗakin inji zuwa rumfar ƙarshe mita 25 ne. Iskar za ta tuƙa famfon sabulu, ta tada kumfa, sai bindigar busar da lunguna. Mai aikin famfo ya ce a ja da fayif ɗin roba na PVC mai kauri, a sa regileta (na'urar daidaita ƙarfin iska) ɗaya a bakin tanki, shi ke nan. Ina ma da ragowar PVC na aikin ruwa. In yarda, ko in daure in sa ƙarfe?

Ɗan Kumfa: Wa alaikumus salam. Ka sayi babbar kwamfaresa kawai, sauran duk zance ne.

Sabon Shiga: Malam, ai na riga na saya. Fayif nake tambaya.

Baba Makaniki: Yaro, kada ka kuskura. Haka wani ya ja mini PVC, yana nuna mini lambar ƙarfin da ke jikinsa wai ta fi ƙarfin injina. Ya yi aiki lafiya har na manta da shi. Rannan wani yaro ya ɗaga tsani ya ɗan doki fayif ɗin, sai muka ji ƙara kamar bindiga. Ba tsagewa ya yi ba, tarwatsewa ya yi. Guntu ɗaya ya soki silin ya maƙale, wani ya karce ƙofar motar da ake wankewa tun daga madubi har hannun buɗewa, yaron kuma sai da aka yi masa ɗinki a dantse. Fenti ni na biya, asibiti ni na biya, mai motar bai sake dawowa ba. Wanda ya yi aikin da na kira shi cewa ya yi ƙaddara ce. Har yau in ya hango ni sai ya sake hanya.

Injiniya: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Lambar da ke jikin PVC ta ruwa ce. Ruwa ba ya matsuwa, in fayif ya fashe yoyo kawai zai yi. Iska kuwa a danne take, tana samun ƙofa sai ta watsa gutsattsarin. Ga man kwamfaresa da zafi da rana duk suna ƙara masa gautsi. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun 1988.

Ɗan Kumfa: Mu dai da PVC muke aiki shekara da shekaru, ko tari bai taɓa yi ba. Injiniya, ka taɓa wanke mota kuwa, ko a littafi ka gani?

Baba Makaniki: Ni ba a littafi na gani ba. Nawa ma bai yi tarin ba sai ranar.

Hajiya Mai Wanki: Alminiyo na sa, irin wanda aka yi musamman don iska. Ba ya tsatsa, kuma ya zo mini ƙasa da jan ƙarfe sosai.

Mai Sifana: Hajiya, kin lissafa gwiwoyi da mahaɗai kuwa? Ni da na haɗa duka, alminiyon ne ya fi tsada. Baƙin ƙarfe ya fi kowa araha.

Hajiya Mai Wanki: Araha a shago, Malam. Ka sa kuɗin yanka zare da tsatsar da za ta riƙa toshe maka bawul.

Injiniya: Ko wane ne ka zaɓa, ruwa ne abokin gabarka. Iska tana fitowa da zafi, tana hucewa sai raɓa ta taru a ciki. Ka sa guntun tiyo mai lanƙwasa tsakanin kwamfaresa da fayif saboda girgiza. Babban layin ya ɗan gangara, kamar santimita 1 a kowace mita, ya ƙare da ƙafa mai bawul ɗin zubar da ruwa. Kowane reshe ya fita ta saman layin kafin ya sauko. Regileta ɗaya kuma ba za ta yi ba. Ka bar layin da ƙarfinsa, kowace na'ura ka ba ta matata da regiletarta. Iskar kumfa kaɗan take so, in ta fi ƙarfin sabulun sai tofi da fesa. Ka kuma sa mata bawul mai hana komawa baya, in ba haka ba sabulu zai hau layin iska.

Mai Sifana: Wannan ya faru da ni. Yaro ya ɗauki bindiga zai busar da dashbod, sai kumfa. Mai mota ya ce shi bai biya kuɗin wanka biyu ba.

Sabon Shiga: Na gode. To ga mita 25, rabin inci ya isa ko sai uku bisa huɗu?

Hajiya Mai Wanki: Duk saitin da za ka yi, yara za su murɗa. Na ajiye regileta daidai da safe, da azahar na tarar an kai ta ƙarshe. Zubar da ruwan tanki kullum kuwa sai na tsaya a kansu. Yanzu akwati na sa mata da kwaɗo.

Baba Makaniki: Nawa har bindigar suke kaɗe rigunansu da ita, alhali iska tana iya shiga fata.

Yaron Oga: Hajiya, a yi mana adalci. Geji yana nuna bar 8 in ba kowa ke aiki ba, da rumfa uku sun buɗe sai allura ta faɗi, motoci a layi, oga yana faɗa. Tiyo siriri, mahaɗai duk suna huci, mun faɗa an ce a ɗaure da roba. Mu me za mu murɗa in ba ita ba?

Hajiya Mai Wanki: To ruwan tankin fa, shi ma tiyo ne ya hana ku zubarwa?