Wai a zamanin Turawa ɗan fasa-ƙwauri ya fi shan hukunci?

Tsohon Kwastan: Ni dai ina kan bakata. Zamanin Bature in aka kama ka da kayan fasa-ƙwauri tsakanin Illela da Ƙonni, babu ɗan wane, kotu za ka. Yau kuwa buhun shinkafa sai ya ratsa shinge goma, kowane shinge ya ci rabonsa.

Malamin Tarihi: Baba, da girmanka, amma wace iyakar? Da Sakkwato ta faɗa hannun Ingila a Maris ɗin 1903, su kansu Turawan ba su gama raba ƙasar ba. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 sun zagaye Sakkwato da layi mai nisan mil 100, Ƙonni tana ciki, a ɓangaren Ingila. Faransa ta yi ta ƙorafin an bar ta ba hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake layin a 1904 da 1906, aka bi ana kafa alamomi har 1908. Bafataken da ya gaji hanyar nan daga ubansa, da jakunan kanwa da gishiri, bai sauya komai ba. Layi ne ya zo ya same shi.

Tsohon Kwastan: Layi dai ya zo, doka ta biyo shi. Ita nake magana.

Lauya: To mu dubi dokar, Baba. Wanda ya karya dokar Gwamna, kotun lardi ce tasa, Razdan, Baturen da ke mulkin lardin, ke zama a kujerar. Mai lura da haraji shi ne kuma mai yanke hukunci. Lauya irina ba shi da izinin buɗe baki a can, haka ma a gaban alƙali. Sai a 1933 aka rushe kotunan lardin. Saurin da kake yabo, rabinsa daga nan yake: ba mai tsaya wa wanda ake tuhuma.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ku tsaya, ni ban gane ba. Mi anka hana ɗin? Goro ko atamfa?

Malamin Tarihi: Hajiya, abin da ya fi tsone musu ido bindiga ce da albarushi, sai barasar Turai, da aka hana shigo da ita Arewa bisa yarjejeniyar Burusal ta 1890, sai bayi. Kayan fatauci kuwa Gwamna Lugga ya ɗora wa ayari haraji, fatake suka koma bin daji da dare, a 1907 aka soke shi.

Tsohon Kwastan: Yauwa, bayi! Da bakinka ka faɗa. Wanda ya ɗaure yaro yana neman tsallaka iyaka da shi ya sayar, lauya za a nemo masa?

Malamin Tarihi: Nan kam ba na ja da kai. Dokar 1901 ta hana cinikin, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa bayan shigowarta. Amma bautar cikin gida sun kau da kai daga gare ta har 1936, don kada su ɓata da sarakuna. Ka ga inda suka ga dama nan suke tsanantawa.

Lauya: Baba, ko yaron da ka ce, ai shari'a ce ke tabbatar da cewa sato shi aka yi ba ɗan ƙanensa ba ne. Kuma ku tuna da tsallake. A ɓangaren da Faransa ke mulka kwamanda na iya kulle talaka na kwanaki ba tare da an zauna shari'a ba, har 1946. Kaya iri ɗaya, jaki ɗaya, hukuncinka ya danganta da gefen da aka cafke ka.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ni abin da na gani da idona shi ne 2019, da anka rufe iyaka. Shinkafa ba ta daina shigowa ba, mashin ta hau, buhu uku-uku, kuɗinta ya ƙaru. Baba, kai da ka yi aikin, nawa kunka kai kotu?

Tsohon Kwastan: Hajiya, wannan tambayar ba ta nan ba ce. Mun fi kama kaya, masu su gudu suke yi.

Lauya: To kayan ina suke zuwa?