Karen 'yan sanda ya ciji magenmu har cikin kicin, dan Allah me ya kamata in yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka daɗe a Ingila. Mu shekararmu uku kacal da zuwa, muna arewacin ƙasar, aikin asibiti ne ya kawo maigidana.

Daren Talata wajen goma da rabi muka ji jirgi mai saukar ungulu yana ta shawagi a saman unguwa, ashe wani yaro 'yan sanda suka biyo da ya yar da mota ya gudu. Ina kicin ina ɗauraye kwanuka, ƙofar baya a buɗe saboda zafin girki, magenmu Alawa na kwance a bakin ƙofa inda ta saba. Kawai na ga abu ya diro ta kan katangar katako, wani ƙaton kare irin na Jamus ɗin nan, ko haushi bai yi ba ya cafke ta a ƙugu ya shiga jijjiga ta kamar tsumma har suka shigo cikin kicin. Wallahi ban san sanda na rarumi sandar mopa ba, na ɗaga kenan ɗan sandan ya hauro yana daka min tsawa in ajiye, na ajiye. Sai da ya kira karen sau uku ko huɗu, ƙarshe abin wuyansa ya kama ya ja kafin ya saki. 'Yata mai shekara bakwai ƙarar jirgin ta tashe ta, tana tsaye a kan matattakala komai a idonta.

Ya ce min sori, wai wani zai zo, suka fice ta ɗaya katangar. Yau Juma'a ba wanda ya zo, ko sunansa ban sani ba. A daren muka kai ta asibitin dabbobi na gaggawa, an mata hoto an ɗinke ta wuri uku an sa mata ɗan tiyo a gefen ciki yana fitar da ruwa, fam 1,380 muka biya kuma ba mu da inshora. Maigida ya ce in bar wa Allah, muna kan biza kar mu ja wa kanmu magana da hukuma, ga kuma sandar da na ɗaga. Ni kuma abin ya tsaya min a rai, yarinyar nan ko kicin ta ƙi shiga. Akwai inda ake kai ƙara? Za su biya kuɗin? Kuma kicin ɗin da yawun karen ya taɓa, sau bakwai zan wanke da ƙasa?

Yaya daga Birmingham:
Subhanallah, sannu ƙanwata, Allah ya ba Alawa lafiya. Kafin komai yau ɗin nan ki ɗauki waya ki kira 101, layin 'yan sanda na abin da ba gaggawa ba, ba 999 na gaggawa ba, ki ba su rana da lokaci da adireshinki ki ce a ba ki lambar da aka rubuta aikin daren da ita. Duk fitar da suka yi da kare da jirgi a rubuce take, su sun san wane ɗan sanda ne ko ke ba ki sani ba. Abin da ya sa nake miki gaggawa shi ne kyamarar da suke maƙalawa a ƙirji, bidiyon da ba a ware shi a matsayin shaida ba yawanci bayan kamar kwana 31 gogewa yake yi. Ki tura imel ki ce kina so a adana shi, a rubuce, kar ki tsaya ga waya kaɗai. Kina ma da damar neman a ba ki ɓangaren da kika fito a ciki a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2018, wata ɗaya aka ba su su amsa. Ki ɗauki hoton raunin da katangar da ƙasan kicin, ki tambayi maƙwabta ko akwai mai kyamarar ƙofa.

Ɗan Zariya:
ni fa abin da ban gane ba hajiya, fam dubu da dari uku akan mage? ki lissafa a naira ki gani. a nan da wata za'a samo a makota kyauta, ki bi maganar mijinki kawai ki huta

Maman 'yan biyu:
Haba malam, wace irin magana ce wannan ga wadda take cikin damuwa. Rai ne fa. Ba ka ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba? Kuma a nan Ingila idan dabbarka ta ji ciwo ka ƙi kai ta asibiti kai ma laifi ne a kanka, ba zaɓi take da shi ba. 'Yar uwa kar ki kula, kin yi daidai.

Baban Yara, Landan:
Na yi shekaru ina taimaka wa mutanenmu da takardu, bari in raba miki abin biyu don nan mutane suke ruɗewa. Ƙorafi daban, neman kuɗi daban.

Ƙorafi za ki iya kai shi kai tsaye ga rundunar garinku ko ki cike fom a shafin hukumar IOPC, wadda aka kafa a 2018 don sa ido a kan 'yan sandan Ingila da Wales, amma ko ta can kika bi rundunar za su mayar wa su fara dubawa. Ki yi shi cikin wata 12, gara ma wannan satin. In suka ba ki amsar da ba ta gamsar da ke ba kina da kwana 28 ki nemi a sake dubawa, takardar za ta faɗa miki wurin wa. Sai dai ki sani ƙorafi ba ya kawo ko sisi, iyakarsa a binciki ɗan sandan da karen, a ba ki haƙuri, wataƙila a mayar da karen horo.

Kuɗi kuwa wasiƙa za ki rubuta wa sashen shari'a na rundunar, ki haɗa rasit da rahoton likitan dabbobi, ki faɗi adadin da kike nema da ranar da kike jiran amsa. In suka ƙi, akwai ƙaramar kotun da ke duba ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba, ba sai da lauya ba, kuɗin shigar da irin taki wajen fam 80 ne. Abin da zai miki ciwo shi ne a idon doka mage dukiya ce kamar keke ko talabijin, kuɗin magani za ki nema, ba a cika biyan ɓacin rai ba. Kuma kar ki sa ran a hukunta karen, dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta cire karen ɗan sanda in yana bakin aiki. Amma cire shi daga hukunci bai hana ki neman diyya ba, akwai dokar dabbobi ta 1971 da ake bi ta kanta, ga kuma maganar sakaci, karen da sai an kira shi sau huɗu bai saki ba dole su yi bayani. Ki je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kan haƙƙinsu, kyauta ne su duba miki wasiƙar kafin ki tura.

Maganar biza ki gaya wa ɗan uwana ya kwantar da hankalinsa, kai ƙorafi ba laifi ba ne kuma ba ya taɓa takardun zama. Na san daga inda tsoron ya fito, dukkanmu da shi muka taso.

Yaya daga Birmingham:
Na manta batun sanda. Allah ne ya taimake ki da ba ki doke shi ba, tun 2019 akwai dokar da ake ce wa dokar Finn, sunan wani karen 'yan sanda da aka daɓa wa wuƙa a 2016, ta tsananta a kan duk wanda ya ji wa karensu ciwo yana aiki. Ɗagawa kika yi a cikin kicin ɗinki kika ajiye da aka ce ki ajiye, ki rubuta shi yadda ya faru kar ki ɓoye, bidiyon ma zai nuna.

Anti mai aikin asibitin dabbobi:
Sannu ƙanwata. Cizon kare a jikin mage abin da ido ke gani kaɗan ne, hujin ƙarami amma jijjigar nan tana yaga nama daga ciki, shi ya sa aka sa tiyon, kuma wani lokacin sai bayan kwana uku zuwa biyar fatar wurin take fara baƙi. Ki riƙa dubawa safe da yamma, in kin ga kumburi ko wari ko tana numfashi da sauri ko ta kwana ta wuni ba ta ci ba ki mayar da ita take. Maganin kashe ƙwayoyin cutar ki ƙarasa shi duka ko ta warware. Abin robar nan mai kamar mazurari da aka sa mata a wuya kar tausayi ya sa ki cire. Kuma dan girman Allah kar kowa ya ba ta farasitamol, guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ki roƙi likitan ya rubuta a rahoto cewa raunin cizon babban kare ne, zai miki amfani.

Malam daga Kano:
Allah ya kiyaye gaba. Game da wanki, a mazhabar Imamu Malik da yawancinmu muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa, wankin sau bakwai na ƙwaryar da ya sa baki ya sha ne, kuma ibada ce. Shafi'iyya ne suke ganin najasa ce a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Saboda haka ba sai kin ɗebo ƙasa kin zuba a kicin ba. Jinin da ya zuba shi ne za ki wanke sosai a ƙasan kicin da tufafinki kafin ki yi salla da su. Wallahu a'alam.

Maman 'yan biyu:
Yarinyar nake ji wallahi. Kar ki tilasta mata shiga kicin, kuma kar a ce mata ai ba komai, ta ga komai da idonta. Ki bar ta ta riƙa zuba wa Alawa ruwa da abinci ta ga tana samun sauƙi, ki yi mata addu'ar barci ki kwanta kusa da ita kwana biyu. Ki sanar da malamar ajinsu ma. In an yi sati uku zuwa huɗu tana firgita cikin barci ki kai ta wurin likitanku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi. Na kira 101 ɗazu bayan la'asar, na daɗe a layi amma an ba ni lambar, na kuma tura imel ɗin bidiyon. Maƙwabciyarmu baturiya ta ce kyamararta ta baya ta ɗauki sanda karen ya haura, ba igiya a wuyansa, za ta turo min. Na nuna wa maigida abin da Baban Yara ya rubuta, ya yi shiru can ya ce to a rubuta wasiƙar da sunanmu mu biyu. Alawa ta ɗan lashi kifin gwangwani yau, Litinin za mu koma a cire tiyon. Anti dan Allah gefen ɗinkin na ƙasa ya ɗan yi ja amma ba wari, in jira Litinin ɗin ko in kai ta gobe?