Neman kalma: me za mu kira wildflowers, kuma ina za mu kai spring?

Malama Rabi (Tudun Wada): Assalamu alaikum malamai. Ina da fassarar da za a naɗa gobe da ƙarfe 10 na safe, shirin rediyo ne kan masu ɗaukar hoto a jihar Texas ta Amurka. Duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, sukan bi hanyoyin ƙauye suna neman inda furanni suka buɗe, musamman wani shuɗi da suke kira bluebonnet, wanda jihar ta ɗauka a matsayin furenta tun 1901. Abu biyu ne suka tsaya mini: wildflowers da spring bloom. Na rubuta "furannin daji na bazara", amma kunnena ya ƙi yarda. A taimaka kafin dare.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Furannin daji ai ya yi. Muna da naman daji, muna da kajin daji. Me ya rage?

Auwalu Kongo: Ko furen dawa.

Baban Khalifa: A'a Auwalu. A baki za a rarrabe, amma a takarda wanda zai karanta sai ya ja wasalin, mai sauraro ya ɗauka hoton dawar tuwo ake ɗauka.

Malam Tanimu (Ƙofar Doka): Malama Rabi, kunnenki ya yi gaskiya. Daji wuri ne. Su kuwa waɗannan furanni a bakin kwalta suke, mota na wucewa, ina dajin yake? Abin da Baturen yake nufi shi ne tsiron da ba wanda ya shuka, kuma Bahaushe yana da kalmarsa tun kaka da kakanni: gyauro. Ki sa FUREN GYAURO. Jam'i, furannin gyauro. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Ɗan Samaru: Allah ya gafarta Malam, a gona gyauro shi ne abin da ya zube daga amfanin bara ya sake fitowa, kamar gero ko gyaɗa. Manomi ba zai kira bado ko tumfafiya gyauro ba. Sannan wani abu: a Texas hukumar kula da hanyoyi da kanta take watsa irin furannin nan a gefen titi. To abin da gwamnati ta saya ta watsa, yaya zai zama wanda ba a shuka ba?

Malama Rabi: Haka ne, yana cikin rubutun. Har an ambaci Lady Bird Johnson, matar shugaban Amurka Lyndon Johnson, wadda ta tsaya aka yi dokar ƙawata manyan hanyoyi a 1965, daga baya kuma a 1982 ta kafa cibiyar binciken irin waɗannan furanni a birnin Austin. An kuma ce hukumar ba ta yanke ciyawar gefen titi sai furannin sun zubar da iri.

Malam Tanimu: To, shi ke nan! Sun zubar da iri, baɗi su fito da kansu. In wannan ba gyauro ba ne, mene ne? Ɗan Samaru, ka kawo mini hujja da bakinka.

Ɗan Samaru: Da bakin Malama dai, ranka ya daɗe.

Sani Fagge (mazaunin Sabon Gari): Ku kuna wahalar da kanku wallahi. Je ka wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi ka ce a ba ka fure, su ce wace fulawa? Kowa fulawa yake cewa. Fulawar daji, an gama.

Malam Tanimu: Inna lillahi. Fulawar da ake burodi da ita, ko ta roba da ake sa wa amarya a kan kabad? Muna da fure, muna da huda, muna da toho, sai mu je aro? Wannan lalacin ne ya sa yau yaro ba ya iya ƙirga ashirin da Hausa.

Sani Fagge: Malam, hoton da ake magana a kai fa? Da kyamarar? Da rediyon da za a sa shirin? Duk gadon kaka ne?

Malam Tanimu: Ana aron abin da babu. Kakanmu bai da kyamara, amma yana da fure.

Sani Fagge: Ni dai abin da ke ba ni dariya, Zazzagawa ne za su koya mana tsabtar Hausa, mutanen da mace ma "ya zo" suke ce mata. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kowa ya sani.

Auwalu Kongo: An gina ta a kan Kananci, amma a ina aka buga ta? Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya ta fara fita a 1939, Abubakar Imam na edita. Ku kuka yi magana, mu muka rubuta. Ka zo Tudun Jukun in nuna maka ginin.

Sani Fagge: Imam ɗin ma ai ba Bazazzagi ba ne, a Kagara aka haife shi.

Baban Khalifa: Jama'a, baiwar Allah na da naɗi gobe.

Hadiza mai hoto: Ni ba malamar Hausa ba ce, amma aikin nan nake yi, bari in sa baki. Anti Rabi, matsalarki ba ta wildflowers ba ce, ta bazara ce. Duk wanda ya ji bazara a Zariya zafi zai tuna, da ƙura, da jiran ruwan farko. Ba wanda zai kawo fili shuɗi a ransa. Mu namu furannin ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Rawaya da rani take fitowa, bayan an ƙone daji: ƙasa baƙa ƙirin da toka, sai ka ga fure ruwan ɗorawa manne da ƙasa, ko ganye ɗaya babu. Na ɗauke ta a hanyar Shika zuwa Giwa. Gurjiya da minjirya su ma da rani suke yin jan furensu, bishiya tsirara. Bado sai kududdufi ya cika. Duman rafi kuwa ka bi bakin Galma ko Kubanni. Mafi kyau a hoto, Allah ya ba manoma haƙuri, ƙuduji ne, wajen Satumba zuwa Oktoba, gonar dawa ta koma ja-ja mai ruwan hoda gaba ɗaya.

Ɗan Samaru: Hadiza, ki rufa mana asiri. Ƙudujin, wato wuta-wutan da cibiyar binciken noma ta Samaru ta yi shekaru tana yaƙi da shi? Saiwarsa a jikin saiwar dawa take, tun kafin ya leƙo sama ya riga ya shanye ta. Ranar da manomi ya gan ki durƙushe kina ɗaukar hotonsa, ki tabbata kin yi sallama da kyau.

Hadiza mai hoto: An taɓa tambayata ko maganin feshi na kawo. Shi ya sa nake cewa a ƙauye ba wanda ke da suna ɗaya na tarin nan. Kowanne da sunansa, in ba shi da amfani kuma ciyawa ne.

Malam Tanimu: Wannan gaskiya ne. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, littafi guda. Ba talaucin kalma gare mu ba. Shi ya sa nake cewa furen gyauro zai tattara su duka.

Hadiza mai hoto: Baba Malam, rawaya daga saiwarta take tohowa duk shekara, ba iri ne ya zube ba. Gurjiya kuma bishiya ce.

Malam Tanimu: Ke ma kin shiga layinsu.

Malama Rabi: To bazarar fa? A labarai na sha jin an kira spring bazara, an kuma kira summer bazara.

Ɗan Samaru: Ki bar sunan lokacin, ki faɗi wata da yanayi: "a watan Maris da Afrilu, bayan sanyi ya wuce." Dalili, bluebonnet dangin wake ne, a lokacin kaka na can yake tsirowa, ya kwanta a ƙasa duk lokacin sanyi, sai gari ya fara ɗumi ya yi fure. In ruwa bai samu ba a wancan lokacin, shekarar ba a ganin abin kirki. Kuma a Namaqualand ta Afirka ta Kudu irin wannan buɗewar a Agusta da Satumba ake yin ta, su ma spring suke ce mata. Kin ga bazara ba za ta ɗauke su duka ba.

Auwalu Kongo: Bloom kuma huda ce. Mangwaro ya yi huda.

Baban Khalifa: Huda ta fi zama da itatuwa da wake. A nan "buɗewar furanni" ya fi sauƙi a kunne.

Malama Rabi: Akwai sakin layi guda kan 2019, da jama'a suka yi wa wani kwari cincirindo a Lake Elsinore ta California don kallon furannin da suka buɗe da yawa, har hukuma ta rufe wurin na ɗan lokaci. Sun kira abin superbloom.

Sani Fagge: Ambaliyar fulawa.

Malam Tanimu: Ambaliyar na karɓa. Sauran ka riƙe abinka.

Hadiza mai hoto: Anti, in akwai wurin shawarwarin ɗaukar hoto, kada ki tsaya kan kalmominsu. Ki ce a fita da sassafe kafin iska ta tashi, don fure ba ya tsayawa cak in ana iska. Ranar da gari ya yi lumshi launi ya fi fitowa, rana tsaka kuwa wanke shi take yi. A durƙusa daidai tsayin furen. A ajiye mota nesa da kwalta, kada a tattake abin da aka zo kallo, a duba maciji kafin a sa gwiwa. Wannan na ƙarshen har a Texas ɗin ana faɗa.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai. Ga yadda na tsayar: a farkon shiri zan ce "furannin daji, wato waɗanda ke fitowa a fili da gefen hanya ba a lambu ba", daga nan in ci gaba da furannin daji kawai. Bazara na cire ta, na sa watanni. Ambaliyar furanni ta shiga. Bluebonnet zan bar shi da sunansa in ce shuɗin fure ne dangin wake.

Malam Tanimu: Shirinki ne. Amma ki sa gyauro ko sau ɗaya, a wurin zubar da irin nan.

Malama Rabi: A wannan jimlar zan sa, Baba: "sai baɗi su fito kamar gyauro."

Malam Tanimu: "Kamar" ɗin ba ta da aiki a wurin. Amma to.

Sani Fagge: Wace tasha ce, ƙarfe nawa za a sa? Ina so in ji ko mai karantawa zai ce "furanni ta buɗe" ko "ya buɗe".

Auwalu Kongo: "Sun buɗe" zai ce, Sani. Jam'i ne, ko a Fagge.