Da aiki ya tsaya muku a ƙasar mutane, ina kuka dosa?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda matsin tattalin arziki ya riska a ƙasar waje ya ba mu labari. Ni a Sifaniya ya same ni, ina aikin gini. Da harkar ta durƙushe a 2008, mu baƙi aka fara sallama. Zuwa 2013 rashin aikin yi a ƙasar ya haura kashi 26 cikin ɗari, tsakanin baƙi kuwa ya wuce 35. Kuɗin tallafin marasa aiki ya ɗan riƙe ni. Tashin hankalin yana wajen sabunta takardar zama, don sai an ga shaidar aiki. Ta nan abokaina da yawa suka wayi gari ba takarda. Ana cikin haka, a 2012 doka ta karɓe katin asibiti daga hannun marasa takarda, ban da yara, masu juna biyu da larurar gaggawa. Sai 2018 aka mayar.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Mu a Ingila ma ba mu isa layin karɓar tallafin ba. A jikin bizata an rubuta ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati, alhali duk wata ana cire mini haraji. Lokacin korona da aiki ya ragu, ƙungiyoyin agaji ne suka rufa mana asiri.

Direban Tirela: Hajiya, ai ku da sauƙi. A Saudiyya da farashin mai ya faɗi, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A 2017 aka ɗora harajin iyali, riyal 100 duk wata kan mutum ɗaya, yana hawa har 400 a 2020. Dole na tura iyali gida.

Yaya Binta: Allah ya kyauta, Malam. Na yi aikin sa kai a wurin rabon agaji a Italiya. Da farko kusan duk baƙi ne a layin. Daga baya sai ga 'yan ƙasa, wasu suna sunkuyar da kai don kunya. Kayan ba su ƙaru ba, masu karɓa sun yi yawa, nan aka fara harararmu wai mu muka cinye rabonsu. Abin da ya fi ba ni tausayi, akwai masu cikakken haƙƙi da ba sa zuwa ko kusa da ofis, suna tsoron kada neman taimako ya ɓata musu takarda.

Baban Ummi: Wallahi Yaya, ni ma tsoron nan ya hana ni neman tallafin haya.