Ta ina zan fara koya wa 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, waƙoƙin cikin Littafi Mai Tsarki?

Ɗan Billiri:
Salama 'yan'uwa. Ni aka ɗora wa kwayar matasa a ikilisiyarmu nan cikin garin Gombe, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaran nan murya kam Allah ya ba su, in suka tashi lokacin baiko, wato sa'ad da ake ba da kyauta ga Allah cikin sujada, har dattawa sai sun taka, amma in ka natsu ka saurari kalmomin layi biyu ne ake ta juyawa, duk a kan buɗi da albarka. Rannan wajen koyon waƙa na tambaye su wa ya rera waƙa bayan Isra'ilawa sun haye Bahar Maliya, kowa ya yi tsit. Abin ya taɓa ni sosai. Akwai wanda ya taɓa koyar da Zabura da kiɗa irin namu? Ta ina zan fara yadda ba za su gaji su daina zuwa ba?

Mama daga Kaltungo:
Ɗana sannu da aikin Ubangiji. Ka fara da Zabura 136, kar ka wahalar da kanka. Ayoyi 26 ne kuma kowace aya da amshi ɗaya take ƙarewa, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce, wato dama can an tsara ta mutum ɗaya ya bayar jama'a su amsa, daidai yadda muke yi a Zumuntar Mata da tulu da kacau-kacau. Kafin su ankara sun bi labarin halitta, fitowa daga Masar, tsaga teku, tafiyar jeji, har su Sihon da Og, sarakunan da Isra'ilawa suka ci da yaƙi, duk suna ciki.
Mahaifiyata ba ta iya karatu ba ko harafi ɗaya, amma in tana surfe za ka ji tana rero labarin Hannatu tun daga kukanta a ɗakin sujada har haihuwar Sama'ila, taɓarya na ba ta kiɗa, mu kuma muna gefe muna tsince tsakuwa a wake muna amsawa. Da na girma na buɗe 1 Sama'ila 1 da 2 sai na tarar na riga na san abin da ke wurin. To ka gani.

Dattijo, Yelwan Bauchi:
Mama ta faɗi gaskiya. Malam, ka karanta wa yaran Maimaitawar Shari'a 31 daga aya 19. Allah da kansa ya ce wa Musa ya rubuta waƙa ya koya wa jama'a ya sa ta a bakinsu, domin ya san in sun shiga ƙasar sun ci sun ƙoshi za su juya masa baya, amma waƙar ba za ta ɓace a bakin zuriyarsu ba. Waƙar ce sura 32 kuma ba ta rawa ba ce, gargaɗi ne mai zafi. Bulus ma a Kolosiyawa 3:16 koyarwa da gargaɗi ya haɗa da zabura da waƙoƙi wuri guda.

Amma ga inda ni na fi damuwa. Mun mai da waƙa abin murna kaɗai, alhali cikin Zabura guda 150 ɗin nan da yawa kuka ne. Zabura 13 tambaya ce, har yaushe ya Ubangiji. Zabura 88 da duhu ta ƙare, ba a ma rufe ta da yabo ba, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. A ɓangarenmu nan akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa lokacin rikici, akwai gwauraye, akwai wanda ya gama karatu ba aiki, in mutum irin wannan ya shigo sujada ya tarar tsalle kawai ake yi sai ya ɗauka babu wurinsa a gaban Allah sai ya share hawaye tukuna. Lokacin da na yi rashin matata ko addu'a ba ta fita a bakina, Zabura 42 nake rerawa a hankali da asuba kafin in iya tashi. Bulus da Sila ma ai bayan an yi musu bulala an sa ƙafafunsu a turu ne suka yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, fursunoni na saurare. Ka koya wa yaran nan irin waɗannan tun yanzu, ranar buƙata ba a koyon sabuwar waƙa.

Mai kibod:
Baba na yarda da ku amma don Allah kar a ɗora wa matasa laifin duka, abin da aka ba mu shi muke rerawa. Yayana shawarata kar ka kwaso sura guda ka cusa mata kiɗan da ka ji a waya, kalmomin za su karye ba wanda zai gane me ake faɗa. Ɗauki aya biyu ko uku, ku karanta da ƙarfi tare sau da yawa har ku ji inda muryar ke hawa da sauka da kanta, daga nan karin zai fito. Kuma ka bar su su ƙirƙiro, wanda suka yi da kansu ba sa mantawa. Zabura 117 aya biyu ce kacal, da yamma ɗaya kun gama. Kirsimeti kuma ga waƙar Maryamu da ta Zakariya a Luka 1.

Ɗan Billiri:
Na gode ƙwarai Mama, Baba, da kai ƙanena. Da 136 za mu fara ranar Asabar in Allah ya yarda. Baba, ita Zabura 13 ɗin a wane lokaci cikin sujada kuke ganin ya dace a rera ta, kafin wa'azi ko lokacin addu'ar roƙo? Ina so in kai wa Fasto maganar a shirye.