Me za mu kira "ovary" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan rumbun ƙwai

1/ Watan jiya na raka Yaya, 'yar goggona, karɓar sakamako a asibiti. Likita ya yi bayani rabi Hausa rabi Turanci: akwai sankara a bakin mahaifa, an kuma ga wani ƙari a "ovary" na hagu. Muna fita mijinta ya kira gida ya ce, "Daji ne a mahaifa." Kafin mu kai bakin ƙofa, cuta biyu ta koma ɗaya.

2/ Ban ga laifinsa ba. Bakin mahaifa sunansa ya zauna, rediyo ma haka take faɗa. Ɗaya wurin ne ba mu tsayar masa da suna ba, sai kowa ya jefa shi cikin "mahaifa" ya huta. Alhali wuri uku ne: bakin mahaifa, cikin mahaifar kanta, sai "ovary", wato waɗannan 'yan abubuwa biyu da ƙwayayen mace ke zaune a cikinsu, dama da hagu, kowanne bai fi ƙaramin dabino ba. Kowane wuri da irin sankararsa.

3/ Kada a ce gardamar malamai ce kawai. Sankarar bakin mahaifa kusan dukkanta wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haddasa ta, nau'i na 16 da na 18 kaɗai su ke da kusan kashi 70 cikin 100. Tana da rigakafi, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Ana kuma iya gano ta tun ba ta zama sankara ba, da gwajin Pap (a ɗan gogo bakin mahaifa a duba a ɗakin gwaji) ko na shafa ruwan khal a wurin. Ta "ovary" kuwa allurar ba ta hana ta, gwajin Pap ba domin ta aka yi shi ba. Shigowarta a ɓoye take: kumburin ciki, ƙoshi daga loma biyu, yawan fitsari. Yaya ta yi watanni tana shan maganin olsa.

To macen da aka ce wa "an duba mahaifarki lafiya lau", ta yaya za ta san akwai wurin da ba a duba ba, tunda ba shi da suna?

4/ Na bi sunayen da ake ji. "Ƙwan mace" ya fi yawo, amma ƙwai daban, inda yake zaune daban. Ka ce wa mace za a cire mata ƙwai, sai ta ɗauka guda ɗaya ne cikin dubbai. Ga shi kuma a bakin samari "ƙwai" na nufin wani abu a jikin namiji, ana faɗa a aji za a kwashe da dariya.

5/ Wata malamar jinya ta ba ni "mabuɓɓugar ƙwai". Daɗin faɗa kam akwai. Sai dai mabuɓɓuga sabon ruwa take kawowa kullum, nan kuwa ba haka abin yake ba. Jaririya da ƙwayayenta duka ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, daga nan raguwa kawai suke yi. "Ma'ajiya" ta fi kusa, amma tana ƙamshin banki. "Jakar ƙwai" kuma za ta rikice da ƙullutun ruwan nan da ke fitowa a wurin, wanda shi ne ya fi kama da jaka.

6/ Shi ya sa na ce rumbu. Sau ɗaya ake cika shi, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, ran da ya ƙare mace ta daina al'ada. Duk wadda ta taɓa fige kaza mai ƙwai ta buɗe cikinta ta ga gungun nan na gwaiduwa, manya da ƙanana, manne a jikin baya. Na nuna wa Goggo da wannan misalin, ta ce, "Au, wannan ne? Ai da kun faɗa tun farko."

7/ Na san inda za a kama ni: wurin ba ajiya kaɗai yake yi ba, shi ke samar da sinadaran da ke tafiyar da al'ada, rumbu kuwa ba ya dafa komai. Na yarda. Amma "mahaifa" ma ba ta faɗi duk aikin mahaifa ba, muka zauna da ita lafiya.

8/ Saboda haka: sankarar bakin mahaifa, sankarar cikin mahaifa, sankarar rumbun ƙwai. Mai sunan da ya fi wannan, musamman ungozomomin karkara da mutanenmu na Maraɗi da Damagaram, ya kawo, zan janye nawa.

9/ Yanzu muna jiran sakamakon tsokar da aka gutsura, don a san ko cuta biyu ce daban-daban ko ɗaya ce ta yaɗu, domin maganin ya danganta da haka. Shekaranjiya da likita ya shigo zagaye, Yaya ta gyara zama ta ce, "Likita, rumbun ɗaya za ku cire ko duka biyun?" Ya ɗan tsaya, sannan ya jawo kujera.